Riƙon Addini da Neman Haƙƙin Mata: Matsayin Wata 'Yar Zongo

Duk macen da ta riƙi alƙalami a cikin jama'armu ta Hausawan Kwatano, ko kuwa ta tofa albarkacin bakinta a gidan suna ko wajen walima a kan sha'anin aure da saki da gado, ba ta daɗewa sai an tare ta da tambaya guda, wadda maza ke yi da ɗaure fuska, mata kuma su yi ta da raɗa: wai ke a wane ɓangare kike? Dalilin tambayar kuwa shi ne mutanen wannan zamani sun kasa jama'a kashi biyu, masu ra'ayin riƙau a gefe guda, watau masu kishin addini da al'ada da martabar gidan aure, masu rajin kare haƙƙin mata kuma a ɗaya gefen, sa'an nan suka yanke hukunci cewa wanda ya shiga wannan lalle ya fita daga wancan. Ni dai, da nake zaune a Akpakpa, gabas da mashigin ruwan da ya tsaga birnin nan biyu, nake kuma ƙetare gada zuwa babban masallacin Zongo domin karatu da zumunci, amsata ita ce ina cikin duka biyun, domin abin da ya sa na riƙe na farkon shi ne ainihin abin da ya tilasta mini shiga na biyun. Maƙasudin wannan rubutu shi ne in bayyana yadda haka ta kasance, in kuma nuna inda na rabu da kowane ɓangare.

Zan fara da riƙon, domin shi ne tushe. Na yi imani cewa Allah Maɗaukakin Sarki bai halicci ɗan Adam ya bar shi kara zube ba, ya saukar masa da shari'a wadda ta san maslaharsa fiye da yadda shi ya san ta. Na kuma yarda cewa aure shi ne harsashin al'umma, kunya ado ce ga namiji da mace baki ɗaya, biyayya ga iyaye wajibi ce, gida kuma yana bukatar shugaba kamar yadda ayari ke bukatar madugu. Wannan aƙida tana da hujja ta hankali bayan ta naƙali, domin babu ɗayanmu da ya zo duniya ba a binsa komai: kowa an haife shi ne da haƙƙin nonon uwa da gumin uba da kulawar maƙwabta a wuyansa tun bai san sunansa ba, don haka falsafar da ta fara lissafi daga mutum ɗaya tilo, ta ce 'yancinsa shi ne ya kuɓuta daga duk igiyar da ba shi ya ɗaura wa kansa ba, ta fara ne daga wani mutum wanda ba a taɓa haihuwa ba. Mu mutanen zango mun fi kowa sanin haka. Kakanninmu fatake ne da suka bi hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, har daga baya, da Kwatano ta zama tashar jiragen ruwa da ta jirgin ƙasa, jikokinsu suka gangaro bakin teku da shanu da albasa. Abin da kuwa ya hana su narkewa a tsakiyar Fon da Gun da Yarabawa, alhali ba su da sarautar ƙasa ba su da rinjayen yawa, abubuwa uku ne: masallaci, da harshe, da gidan aure inda uwa ke koya wa ɗanta biyun farko. Wanda ya ce in yi wasa da na ukun nan ya ce ne in yi wasa da wanzuwar jama'ata.

To, amma shari'ar nan da nake riƙo da ita ba ta zo da wajibai a kan mace kaɗai ba. Ita ce ta ce sadaki mallakar amarya ne, uba ko kawu ba su da ko sisi a ciki sai da yardarta. Ita ce ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, ko da matar ta fi shi dukiya nesa ba kusa ba. Ita ce ta yanka wa 'ya da uwa da mata da 'yar'uwa rabonsu na gado da ƙididdiga a cikin Suratun Nisa'i, ta kuma bi bayan ayoyin da gargaɗin wuta ga wanda ya ƙetare iyaka. Ayar ma da ta ba namiji shugabancin gida, a cikin surar nan dai, ta ambaci ciyarwa daga dukiyarsa a matsayin dalilin shugabancin. A mazhabarmu ta Imamu Malik, wadda ake biya littattafanta a zaurukanmu tun daga Ahalari da Ishmawi har Risala da Muhtasar, mace na da ikon kai ƙara a raba aurenta saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, idan kuma aure ya mutu ita ta fi cancanta da renon 'ya'yanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta.

Sai mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya shiga lungunanmu na Akpakpa da asuba, ladan bai daɗe da kiran assalatu ba. Zai tarar mace ta riga ta hura gawayi, man ƙosai na tafasa a kasko, ta dama koko ta juye a bokiti, ta ƙulle kuɗin zubin adashi a bakin zane, ta ware na ɗan zemijan mai rawayar riga da zai kai yaro makaranta. Da hantsi kuma wata ta ƙetare gada ta saro atamfa ta bi gidaje tana ba da bashi ana biyanta kaɗan-kaɗan. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har ƙarshen 2020, da lokacin da aka toshe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, harkar motoci da shinkafa da albasa ta tsaya wa maza da yawa cik, kaskon nan kuwa shi ya riƙe gidaje. Ban ga laifin namijin da kasuwa ta juya wa baya ba, domin arziki na Allah ne. Laifin da nake gani na wanda aka ciyar da shi shekara guda daga jarin matarsa ne, ranar da hanya ta buɗe ya soma samu, abin da ya fara saye shi ne akwatin lefen wata.

Halin da muke ciki a ƙasar Benin ya sa wannan mas'ala ta fi tsanani a kanmu bisa 'yan'uwanmu na Kano ko Maraɗi, ya kuma kamata a san asalinsa. Tun zamanin mulkin mallaka, sha'anin aure da gado na 'yan ƙasa ya kasance yana tafiya ne a kan wani kundin al'adun Dahomey da Faransawa suka tattara a 1931, wanda ya lissafa mace cikin dukiyar mijinta. Bayan babban taron ƙasa na 1990 da sabon tsarin mulki, wanda sashensa na 26 ya daidaita namiji da mace a gaban doka, lauyoyi mata suka tsaya kai da fata sai an sake wannan kundi. Majalisa ta zartar da sabuwar dokar iyali a 2002, inda aka bar wa namiji zaɓin auren mace fiye da ɗaya. Sai 'yar majalisa Rosine Vieyra Soglo, matar tsohon shugaban ƙasa, ta kai ƙara kotun tsarin mulki, wadda a lokacin mace ke shugabanta, watau Conceptia Ouinsou, kotun kuwa ta yanke hukunci a watan Disamba na shekarar cewa ba namiji abin da ba a ba mace ba ya saɓa wa daidaito. Aka gyara dokar, ta fara aiki a 2004 zamanin Shugaba Mathieu Kérékou. Tun daga nan auren da hukuma ta sani shi ne na mace ɗaya, wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari tsakanin masu shekara 18 zuwa sama. Sadaki ya koma alama kawai. Al'adu kuma suka daina zama doka a cikin abin da kundin ya ƙunsa. Alhali kuwa ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi sun haura kashi 27 cikin ɗari na mutanen ƙasar, kuma babu kotun alƙali ko guda da za su kai mata auren da suka ɗaura a masallaci.

Ga yadda ake ɗaurin aure a wurinmu har gobe. Bayan azahar ko la'asar maza su taru a kan tabarmi a ƙofar gida ko harabar masallaci, waliyyin amarya ya fuskanci wakilin ango, a nema a bayar, a ambaci sadaki a ƙirga shi a gaban shaidu, liman ya yi huɗuba a shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, a raba goro da dabino da alewa a watse. Aure ne ingantacce, babu malamin da zai ce rukuni ɗaya ya faɗi. Amma sau da yawa babu wanda ya ɗauko takarda, babu wanda ya shiga cikin gida ya ji ta bakin yarinyar, idan kuma ita ce ta biyu ko ta uku, to ƙofar magajin gari a rufe take gare ta ko da mijin ya so. Shekaru su shuɗe, ta haihu, ta zuba jarinta a ginin gidan, ran nan mai gida ya kwanta dama. Na taɓa zama a ɗakin wata baiwar Allah tana cikin takaba, carbi a hannunta, ba a ko yi sadakar arba'in ba, sai 'ya'yan uwargida suka yi sallama suka shigo da takardar auren mahaifiyarsu mai hatimin hukuma, suka durƙusa suka gaishe ta, suka ce, "Inna, sai dai haƙuri, an yi wa gidan nan ciniki." A shari'ar Allah tana da rabonta cikin tumunin da matan mamaci ke rabawa idan ya bar 'ya'ya, tana kuma da haƙƙin zama a ɗakinta har ta cika wata huɗu da kwana goma, a dokar ƙasa kuwa ita ba matar kowa ba ce. Aka kai magana wurin liman, ya yi wa yaran nasiha, ya karanta musu ayoyi, suka ce sun ji sun gode. Amma liman ba shi da ɗan sanda, ba shi da gidan kaso. 'Yar'uwarta a Kano, komai lalacewar lamari, tana da kotun shari'a da za ta shigar da ƙara. Tamu kuwa ta faɗa tsakanin dokoki biyu, ɗaya ta san ta amma ba ta da ƙarfi, ɗaya na da ƙarfi amma ba ta san ta ba.

Ga 'yan'uwana mata da suka yi gwagwarmayar waccan doka, ina da godiya, ina kuma da ƙorafi. Godiyar ita ce sun kawar da abubuwan da Musulunci da kansa ya zo ya kawar, kamar gadon matar mamaci da aurar da mace ba da yardarta ba, dokar 2003 da ta hana kaciyar mata ma ban ga abin da ta rage wa addinina ba. Ƙorafin kuwa shi ne sun zaci abin da aka goge daga takarda ya gogu daga duniya. Shekara ashirin bayan dokar maza ba su daina ƙarin aure ba, Musulminsu da Kiristansu da masu bin Vodun. Iyakar abin da ya sake shi ne an sauke wa namiji nauyin da hukuma za ta iya kama shi da shi, aka bar mace ta biyu ba suna ba kariya, watau an ɗaga sandar don mai ƙarfi, ta sauka a kan mai rauni. Gyaran da aka yi wa mutane ba tare da su ba haka yakan ƙare. A Nijar majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata a 2006. A Mali dubban jama'a, maza da mata, suka cika filin wasa na Bamako a 2009 har Shugaba Amadou Toumani Touré ya mayar wa majalisa dokar iyali ba sa hannu. Maroko kuwa, ƙasar Malikiyya irin tamu, a cikin wannan shekara ta 2004 dai ta bi wata hanya dabam: ta zaunar da malaman fiƙihu tare da masana doka, maza da mata, ta ɗaga shekarun aure zuwa 18, ta sa ƙarin aure a hannun alƙali wanda zai binciki hali da dalili ya kuma kirawo uwargida ya saurare ta, kuma aka kafa wa gyare-gyaren hujja daga cikin shari'a. Ina da saɓani da 'yan'uwan nan nawa masu gwagwarmaya har wa yau a kan dokar Benin ta 2021 da ta faɗaɗa halaccin zubar da ciki zuwa mako 12 saboda ƙuncin rayuwa ko na karatu ko na aiki, domin a wurina rai amana ne wanda talauci ba ya halatta taɓa shi, maganin ƙuncin kuwa shi ne a tilasta wa wanda ya yi cikin ya ɗauki nauyinsa. Kujeru 24 da aka keɓe wa mata cikin 109 na majalisa tun zaɓen 2023, da zaɓen Mariam Chabi Talata mataimakiyar shugaban ƙasa a 2021, da mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka kafa a 2022, duk ban raina su ba. Sai dai babu ɗaya cikinsu da ya mayar wa mai takaba ɗakinta.

Amma kada mazanmu su yi saurin gyaɗa kai, domin ƙorafina a kansu ya fi nauyi, tun da littafin da nake da'awa shi suke da'awa. Namijin da ya haddace ayar mata huɗu ya manta sharaɗin adalcin da ke cikin ayar guda, ya san hadisan biyayya ga miji bai san babin ciyarwa ba, ya saki mace cikin fushi da tsakar dare ya watso mata kaya waje alhali Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana fitar da ita daga ɗakinta har idda ta cika, wannan kam mai tsince-tsince ne a cikin sunna, ya ɗauki abin da ke masa daɗi ya bar abin da ke taɓa aljihunsa. Idan mace ta tuna masa sauran, sai ya ce boko ya ɓata ta, ko kuwa Turawa ne suka ɗaure mata gindi. Wannan tuhuma an amsa irinta tun kafin mulkin Turawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi da karantar da ɗaliban waje don neman suna alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin duhun jahilci. Da wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke halartar wa'azin Shehu, ƙanen Shehun, Abdullahi, shi ne ya mai da martani cewa barin su cikin jahilci ya fi wannan muni. 'Yar Shehu Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo, ba ta yi wa aure tawaye ba, amma daga cikin ɗakinta ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana zaɓen dattijuwar mace ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta aike ta ƙauyuka ta karantar da mata waƙoƙin ilimi da ta tsara. A ƙarni na ashirin Malam Isa Wali ya rubuta jerin maƙaloli a 1956 a kan matsayin mace a Musulunci aka yi masa ca. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976. Aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985. A 2017 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya kawo shawarar dokar iyali da za ta hana marar hali tara mata. Wannan ita ce silsilar da nake jingina da ita, duk kuwa wanda zai kira ni 'yar koren baƙi sai ya fara da Shehu.

Akwai wurare uku da masu sukana na kowane ɓangare ke tare ni, ƙa'idata a cikinsu kuwa ita ce rarrabewa tsakanin nassi yankakke, wanda mumini ba shi da zaɓi a kansa, da ijtihadin malamai, wanda ke bin illa da maslaha. Na farko ijbari ne, domin littattafan mazhabarmu sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba da izininta ba. Wannan ba ijma'i ba ne: Imamu Abu Hanifa bai yarda a tilasta wa baligar mace ba, budurwa ce ko bazawara, ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Hansa'u da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba, malaman da suka ba uba wannan iko sun gina shi ne a kan zaton tausayinsa da saninsa ga maslahar 'yarsa, to idan ikon ya zama hanyar biyan bashi ko neman kusanci da mai kuɗi, illar hukuncin ta gushe. Na biyu gado ne. Ninkin rabon ɗa namiji nassi ne, na sallama masa ba tare da jin kunyar kowa ba, domin an haɗa shi da nauyin sadaki da ciyarwa da riƙon 'yar'uwa idan ta rasa mai riƙonta. Kuma masu kuka a kan rabi su zo su gani, a gidajenmu rabin ma ba ya zuwa hannu, sai a bar gidan gado shekara da shekaru ba a raba ba, maza na karɓar haya, mata kuwa a ce musu ai kuna gidan miji. Na uku saki ne, wanda ke hannun namiji. Haka ne, amma shari'ar da ta ba shi wannan ita ta ba mace hul'i, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar da gonar sadakinta aka raba su; fiƙihun Malikiyya kuma ya san tamliki, watau miji ya mallaka wa matarsa al'amarin kanta idan ya aikata wani abu da aka ambata, har ma a Muritaniya, ƙasar da muke girmama malamanta, al'ada ce sananniya a sa sharaɗi wajen ɗaurin aure cewa ba shi da wata kafin ta, ba zai kuma ƙara wata bayanta ba, in ya saɓa, zaɓi na hannunta. Ƙofofin nan duk a buɗe suke cikin littafi, rashin karantar da mata ne ya rufe su.

A nan ne ra'ayoyin nan biyu suka zame mini abu guda. Mai riƙau na gaskiya mai tsaron amana ne, amana kuwa ba a tsaron rabinta. Wanda ya tsare biyayyar mata ya tozarta ciyarwa da adalci da gado, da hannunsa yake rushe ginin da yake iƙirarin karewa, domin yarinyar da ta tashi tana kallon yadda aka yi da uwarta ba ta bukatar wani baƙo ya koya mata tsoron aure, kuma babu mai yi wa aƙidun waje wa'azi a cikin Zongo kamar azzalumin miji. Mai neman haƙƙin mata na gaskiya kuma, idan Musulma ce, ba ta da abin da za ta ci riba da shi wajen rushe gidan da shi ne kaɗai inuwarta a baƙuwar ƙasa. Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan Haulatu 'yar Sa'alaba, wadda ta tsaya tana jayayya a gaban Manzo game da zaluncin mijinta, ba a kuwa ce ta yi rashin kunya ba, aka saukar da hukunci dominta. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka kirana na farko ga limamanmu ne, tun da a ƙasar da babu alƙali su ne mafakar raunana: kowane masallacin da ake ɗaura aure ya ajiye littafi, a rubuta sunaye da sadaki da shaidu da sharuɗɗa, a ba amarya takardarta a hannunta, kada a shafa fatiha sai an aiki amintattu biyu sun ji yardarta daga bakinta, a tambayi mai ƙarin aure ina zai ajiye ta, da me kuma zai ciyar, saki ma a rubuta shi a gaban shaidu tare da yarjejeniyar idda da ciyar da yara. Shugabannin Musulmin ƙasa, musamman ƙungiyar haɗin kan Musulmin Benin, su nemi majalisa ta amince da auren masallaci, kamar yadda Mali ta yi a dokarta ta 2011. Kafin a kai can, magidancin da ke da mata fiye da ɗaya ya ji tsoron Allah ya yi wa wadda hukuma ba ta sani ba kyautar muhalli tun yana da rai da lafiya, a rubuce, ya kuma damƙa mata ta karɓa, domin wasiyya ba ta halatta ga magaji, kyauta kuma ba ta cika sai da karɓa. Ya kuma tabbata kowane ɗa nasa yana da takardar haihuwa da sunan uba a kanta. Ku kuma 'yan'uwana mata, kada karatunmu na Islamiyya ya tsaya a babin tsarki da haila. Mu roƙi malamai su biya mana babin aure da saki da ciyarwa da gado na Risala, mu koya wa 'ya'yanmu mata kafin a kai su ɗaki, mu kuma koya wa 'ya'yanmu maza kafin su nemi 'yar wani. Allah ya ba mu ikon sauke amanar nan baki ɗayanta, amin.